Bashin Taki: Jadawali Zai Yanke Hukunci ko Mutum?

Kafin ruwan shuka ya sauka, magana guda ce ke yawo a majalisun Ikara da Makarfi da Kudan: wa zai samu taki bashi bana, buhu nawa za a ba shi, wa kuma za a ce wa ya dawo baɗi. A da amsar tana bakin mutum, ko malamin gona, ko shugaban ƙungiya, ko attajirin da ya san uban mai nema da kakansa. Yanzu amsar ta fara komawa cikin waya. Ma'aikaci zai zo gona, ya zagaye ta da wayarsa ta auna faɗinta, ya ɗauki hoton manomi, ya shigar da lambarsa ta BVN, bayanai su wuce. Abin da ke dawowa saƙo ne, an amince ko ba a amince ba.

Tsakanin shigar bayani da fitowar saƙo akwai abin da yawancin manoma ba su taɓa gani ba, wato jadawalin hukunci. Fasalinsa ba shi da wuya. A sama an jera sharuɗɗa, a ƙarshen kowane layi an rubuta abin da za a yi. A ɗauki misali da sharaɗi uku: ya biya bashin bara, gonarsa ta kai hekta guda, ƙungiyarsa ta tsaya masa. Wanda ya cika ukun ya faɗa layin farko, a ba shi cikakken kaso. Wanda ya biya, ƙungiya ta tsaya masa, amma gonar ba ta kai ba, ya faɗa layi na biyu, a ba shi rabi. Wanda bai biya ba ya faɗa layin ƙi. Idan aka dasa wannan jadawali cikin manhajar da ke tafiyar da aikin kamfani, hukuncin ba ya jiran sa hannun kowa. Daga fitowarsa sito ya samu umarnin fitar da buhuna, littafin bashi ya rubuta suna, waya ta aika wa manomi ranar karɓa, kuma idan kaka ta yi, wani jadawalin ne zai faɗi wanda za a bi.

Dabarar ta daɗe. Kamfanoni irin su General Electric a Amurka sun yi aiki da ita tun wajen 1960, lokacin da kwamfuta take cika ɗaki guda. A 2015 wata ƙungiya mai suna OMG ta fitar da ƙa'idar da ake kira DMN, wadda ta sa jadawalin da manaja ke karantawa da idonsa ya zama shi ne ainihin abin da na'ura ke zartarwa, ba sai an jira mai rubuta manhaja ya sake juya shi ba. Mu kuwa a nan, 2012 ce ta kawo mana abin har ƙofa. A shekarar ce gwamnatin tarayya, lokacin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, ta fara raba taki mai rangwame ta saƙon waya. A shekarar ce kuma Kola Masha ya kafa Babban Gona, wanda ya fara aiki a wannan yanki na arewacin Kaduna, yana haɗa manoma ƙungiya-ƙungiya, ya ba su iri da taki da horo bashi, su biya da amfanin gona. Tun daga nan bankuna da masu sayen hatsi da ƙungiyoyin gama kai kowa ya nufi wannan hanya. Gardamar da ake yi ita ce iyakar da ya kamata a tsaya.

Abin da masu goyon baya ke cewa

Hujjarsu ta farko ba ta buƙatar dogon bayani ga duk wanda ya taɓa bin layin taki a sakatariyar ƙaramar hukuma. An yi shekara da shekaru ana raba takin gwamnati ta hannun ɗan siyasa da mai sarauta da ɗan kwangila. Mai gona ya koma gida hannu rabbana, washegari ya tarar da buhunan a kasuwa da farashi ninki. Adesina da kansa ya sha faɗi cewa kafin 2012 kashi 11 cikin ɗari na manoma kaɗai ke samun takin da gwamnati ta biya wa rangwame. Jadawali, in ji waɗannan mutane, bai san jam'iyya ba, bai san ɗan hakimi ba, ba ya karɓar goro. Talakan da ba shi da kowa, in ya cika sharaɗi, ya samu. Suna ganin duk mai kukan an cire tausayi daga aiki ya manta cewa tausayin da ake magana a kai sau da yawa na masu uwa a gindin murhu ne.

Sai su ƙara da abin da na ga ya fi kowanne ƙarfi, cewa wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk ɗalibin da ya karanta babin zakka a zaure ya haddace jadawalin hukunci. Shanu ba su kai 30 ba, babu komai. Sun kai 30, maraƙi. Tumaki da awaki daga 40 zuwa 120, guda ɗaya, daga 121 zuwa 200, guda biyu. Hatsi ya kai nisabi, in ruwan sama ya raya shi ushiri ne, in da wahalar ban ruwa ne rabin ushiri. Rabon gado ma haka yake, sharaɗi da sakamako, ba a bar wa alƙali ya duba fuskar magaji ba. An yi haka ne domin mai karɓa kada ya zalunta, mai bayarwa kuma ya san abin da ke kansa tun kafin a zo. To me zai sa, suke tambaya, a amince da wannan hikima a dukiyar ibada a ƙi ta a bashin taki?

Akwai kuma batun lissafi. Sharaɗi uku masu amsar e ko a'a suna haifar da hali 8. Sharaɗi goma suna haifar da 1,024. Babu malamin gonar da zai riƙe wannan a kansa ya yi wa mutum ɗari biyar hukunci iri ɗaya, musamman da yamma bayan ya gaji. Jadawali kuwa ana iya binciken sa, a gano halin da aka manta ba a ba shi layi ba, a gano layi biyu da ke karo da juna.

Martanin masu adawa

Masu adawa ba su musa ɓarnar alfarma. Abin da suke cewa shi ne jadawali ba ya ganin manomi, yana ganin abin da aka shigar game da shi, kuma rayuwar ƙauye ba ta shiga gidajen jadawalin cikin sauƙi.

A ɗauki gona. Daga Furana zuwa Hunkuyi, gona nawa ce ke da takarda? Wata ta gado ce da ba a raba ba, 'yan'uwa huɗu kowa da kusurwarsa. Wata aro ce, wata haya ce ta shekara guda, wata jingina ce da mai ita zai iya fansa kowace rana. Mutum yana noma wuri uku, kowanne ƙarami, haɗe sun wuce hekta amma ɗaya-ɗaya ba su kai ba. Matar da ke da gayaunarta tana tura ɗanta ko ɗan ƙwadago, layin wayar da aka rubuta na mijinta ne. Dattijon da sunansa Muhammadu a katin ɗan ƙasa, Mohammed a banki, Mamman a bakin jama'a, na'ura ta ɗauke shi mutum biyu ko ta ce babu shi. A tsarin saƙon waya na 2012 an ga wannan: manoma da yawa ba su da waya, wasu ƙauyukan babu sabis, wasu sun yi rajista amma sunansu bai fito a wurin karɓa ba. Da mutum ne, da zai duba su ya gane su. Jadawali ya ce sharaɗi bai cika ba.

Amma inda suka fi dagewa shi ne gidan nan da aka rubuta "bai biya ba". Mutum biyu ne ke kwance a cikinsa. Akwai wanda ya karɓi taki ya sayar a ranar ya ƙara aure ko ya sayi babur. Akwai kuma wanda ya zuba takin har ƙwayar ƙarshe, sannan masifa ta sauka. Manoman tumatir na wannan yanki ba za su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar da suke kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar masara da ta shigo daga nahiyar Amurka. Mai amana da maci amana sun faɗa layi ɗaya, hukunci ɗaya. Mutanen gari sun san bambancinsu sarai, domin sun ga gonakin da idonsu.

Masu goyon baya sun dawo

Amsarsu a takaice ita ce, to a ƙara sharaɗi. In jadawali bai bambance wanda annoba ta cinye da wanda ya ci amana ba, laifin wanda ya rubuta shi ne, kuma gyaran layi guda ne: an tabbatar da asara a gonarsa, a ɗaga masa zuwa baɗi. Gyara jadawali ya fi gyara halin ma'aikata ɗari sauƙi.

Suna kuma nuna abin da sassauci ya jawo. Shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015 ya fitar da kuɗi fiye da naira tiriliyan ɗaya. A farkon 2023 Asusun Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kaɗai aka biya, Babban Bankin Najeriya ya ce an biya fiye da rabi. Ko wace ƙididdiga aka ɗauka, kuɗi mai yawa bai dawo ba, kuma kowa ya san an cusa sunayen da ba manoma ba, wasu kuma sun ɗauki bashin a matsayin rabonsu na gwamnati. Da bashi ya ƙi dawowa, ƙofa ta rufe wa kowa, har da wanda ya biya. Tsauri, a ganinsu, shi ne ke kare manomi mai gaskiya.

Ga kuma lokaci. Masara ba ta jiran kwamiti. In takin farko bai shiga a makonnin farko ba, in yuriya ta makara, an yi asarar damina. Bashin buhu huɗu ko shida ba zai ɗauki nauyin manaja ya zauna a kan kowace takarda ba, shi ya sa bankuna suka daɗe suna gudun ƙaramin manomi. Na'ura ce ta sa bashinsa ya zama abin da za a iya bayarwa ba tare da an faɗi ba.

Masu adawa ba su sauka ba

Sun ce saurin nan da ake yabo shi ne haɗarin. Ma'aikacin da ya yi kuskure ya cuci mutum goma. Layin da aka rubuta ba daidai ba yana cutar dubbai a dare ɗaya, kuma kowa ya ɗauka daidai ne tunda na'ura ce ta faɗa. Ostareliya ta ɗanɗana wannan. Daga 2016 hukumar jin daɗin jama'a ta ƙasar ta bar wa na'ura ta raba kuɗin shigar mutum na shekara daidai-wa-daida a kan makonni, ta kwatanta da abin da ya bayyana, ta aika masa takardar bashi. Ƙa'idar ta ɗauka kowa albashi yake karɓa. Masu aikin lokaci-lokaci, waɗanda suke samu wata uku su rasa wata tara, aka ɗora musu bashin da ba su ci ba, mutum dubu ɗaruruwa. Sai da kotu ta shiga, gwamnati ta mayar da kuɗi, hukumar bincike ta fitar da rahoto mai zafi a 2023. Manominmu, wanda kuɗinsa ke zuwa da kaka ya ɓace da bazara, shi ne ainihin irin mutumin da wannan kuskure ya kama.

Kuma hukuncin yanzu ba ya tsayawa a saƙo. Tun 2020 Babban Banki ya ba bankuna damar cire kuɗin wanda ya kasa biya daga kowane asusu da ke haɗe da BVN ɗinsa. In aka ɗaura irin wannan iko a ƙarshen jadawali, kuɗin da mutum ya ajiye don asibiti zai iya tafiya kafin ya san an yanke masa hukunci.

Maganar cewa alfarma ta mutu ma ba su yarda ba. Sun ce ta sauya mazauni ne, ta koma hannun yaron da ke shigar da bayani. Shi ne ke zagaye gona da waya, taku goma ciki ko taku goma waje su ne tsakanin cikakken kaso da rabi. Shi ne ke danna "an tabbatar da asara". Bambancin kawai, a da in ya zalunce ka kana iya kai shi gaban dagaci, yanzu zai ɗaga kafaɗa ya ce na'ura ce ta ƙi.

Batun zakka kuwa, sun ce hujjar tasu ce. Jadawalin zakka a buɗe yake, almajiri ya san shi, makiyayi ya san shi, ba wanda zai canja shi da dare. Jadawalin kamfani fa? An rubuta shi da Turanci a wani ofis a Legas ko Abuja, ana iya sauya shi tsakiyar damina, kuma wanda ake yanke wa hukunci da shi bai taɓa ganinsa ba. Sannan shari'ar da ta kafa nisabi ita ce ta yi umarni a jinkirta wa mai bashin da ke cikin ƙunci, kuma Halifa Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar fari. Malamai ba su taɓa raba ƙa'ida da mai duba hali ba.

Tace hujjoji

Da na auna maganganun nan, na ga ɓangarorin biyu suna jayayya kamar hukunci iri ɗaya ne, alhali aikin bashin noma yana da hukunci iri-iri, kuma ba duka suke da nauyi ɗaya ba.

Inda abin awo ne, ban ga hujjar masu adawa ba. Ranar da manomi ya kawo masara sito, danshinta nawa, dattinta nawa, nauyinta nawa a sikeli, farashin da ya dace da kowane mataki, wannan a bar wa jadawali, a kuma manna shi a ƙofar sito. Duk wanda ya taɓa sayar da hatsi ya san yadda ɗan awo ke murza ƙwaya a hannu ya ce da sauran danshi don ya karya farashi. Haka adadin taki da iri gwargwadon faɗin gona. A nan ra'ayin mutum ɓarna yake ƙarawa.

Inda hukuncin na ladabtarwa ne, a cire suna, a hana baɗi, a taɓa asusu, a ɗora wa 'yan ƙungiya bashin ɗan'uwansu, ina tare da masu adawa ba tare da jinkiri ba. Na'ura ta tattara bayani ta nuna wanda ya makara, amma mutum mai suna da fuska ne ya kamata ya sa hannu, bayan ya saurari wanda abin ya shafa. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ba ɗan Najeriya 'yancin kada a yanke masa hukunci mai nauyi ta na'ura kaɗai, da 'yancin neman mutum ya sake dubawa. Manoma nawa ne a Gimi ko Paki ko Likoro aka taɓa karanta wa wannan da Hausa? Amsar masu goyon baya cewa a ƙara layi tana aiki ne ga masifar da aka riga aka gani. Babu wanda ya rubuta layin sharon kafin 2016, babu wanda ya rubuta layin ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da mutum yana da hatsi amma babu mai saye da kuɗi a hannu, babu wanda ya rubuta layin faɗuwar farashin masara a 2025 yayin da taki bai sauko ba. Jadawali yana koyo ne bayan an sha wuya, kuma ba mai rubuta shi ne ke shan wuyar ba.

Tsakiyar ce ke da wahala, wato wa za a ɗauka tun farko. A nan na fi karkata ga jadawali, da sharaɗin cewa layinsa na ƙarshe ya zama "a kai wa mutum ya duba" maimakon "a ƙi", kuma saƙon ƙi ya faɗi sharaɗin da bai cika ba. Abin da ya sa jadawali ya fi sauran dabarun na'ura daraja a wurina shi ne ana iya karanta shi. Ana iya juya shi Hausa, da boko da ajami, a karanta wa mutane a taron ƙungiya kafin su dangwala yatsa. Kamfanin da ya ɓoye shi ya jefar da babbar hujjar da yake kare kansa da ita.

Sai dai ba zan ce wannan ya kashe magana ba, domin masu goyon baya suna da tambaya biyu masu nauyi. Ta farko, in aka bayyana cewa hekta guda ce iyaka, gobe kowa zai aro kusurwar maƙwabcinsa ranar awo, kuma masu ba da bashi a duniya duka suna ɓoye wasu sharuɗɗansu saboda wannan. Ta biyu ta fi ciwo. Layin "a kai wa mutum" ƙofa ce, kuma wanda ya san hanyar ofis, wanda kansila zai kira waya dominsa, shi ne zai fara shiga ta. Bazawarar da ke noma gayauna a bayan gari, wadda saboda irinta aka buɗe ƙofar, mai yiwuwa ba za ta ji labarinta ba.

Wasu na ganin maganin shi ne a ba 'yan ƙungiya wannan iko, tunda su ne suka ga gonar kuma su ne za su biya in an yi ƙarya. Wasu na ganin ƙungiya ma tana da manyanta da ƙanananta, kuma mai ƙaramin ƙarfi ba ya musu da wanda yake cin bashin hatsi a wurinsa da bazara. Wasu sun ce a rubuta kowane sassauci da sunan wanda ya yi shi da dalilinsa, a karanta a bainar jama'a bayan kaka. Wannan na ƙarshen ya fi kama hankalina, amma yana buƙatar kamfanin da zai yarda a ga cikinsa da manoman da za su iya tashi a taro su ce wannan suna bai cancanta ba, alhali mai sunan yana zaune a sahun gaba.